Kwana goma ina jiran nono ya kawo

Kwana goma na yi da haihuwar ɗana na fari nonona bai kawo ba. A cikin kwanakin nan babu sunan da ban sha ba, wasu a bayan idona, wasu ina zaune a kan tabarma ana faɗa kamar ba na wurin: mai busasshen ƙirji, mai mugun nono, wadda baki ya kama. Shekarata 19 a lokacin, kuma duk abin da manya suka faɗa a kan jikina haka nake ɗauka, don ni ban san komai a kansa ba. Yau yaron yana ƙaramar sakandare, malmala uku yake tashi da ita a zama ɗaya, shi ya sa nake iya ba da labarin har in yi dariya a wasu wuraren. A lokacin kuwa babu abin dariya.

A Kaduna nake aure. Da cikin ya shiga wata na bakwai aka mayar da ni gidanmu a cikin birnin Zariya goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Awo sau biyu kacal na je, shi ma a bencin baya nake maƙalewa in ja hijabi in rufe rabin fuska. Idan Sista ta miƙe tana bayanin shayarwa, tana ɗaga 'yar tsana tana manna ta a ƙirji, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Ko kalma ɗaya ban riƙe ba. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

Akwai abin da na ɓoye wa kowa tun cikin yana wata biyar. In na tashi da safe sai in ga wani ɗan ɓawo rawaya ya bushe a kan nonona, wani lokaci har ya ɓata mini rigar ciki. Ga nonon ya cika ya yi nauyi, kewayen kan ya ƙara baƙi da faɗi, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa. Na ɗauka ciwo ne. Sai in shiga wanka in sa soso in dirje har wurin ya yi zafi, in wanke rigar in shanya a cikin ɗaki don kada Inna ta gani.

Naƙuda ta zo mini cikin dare, ana tsananin hunturu. Ba a yi maganar asibiti ba. Aka aika aka kira ungozomar unguwarmu, tsohuwar da ita ta yanke mini cibiya ni ma, kuma gab da kiran assalatu yaro ya faɗo da kukansa. Sai mabiyiya ta ƙi biyowa. Aka ba ni kwalba in busa, na busa har na ga duhu. Aka tura mini muciya a baki don in yi kakarin amai. Daga ƙarshe tsohuwar ta naɗe igiyar a hannu ta ja a hankali, ta ƙara ja, abin ya fito. Aka yi hamdala, aka naɗe a tsumma, aka binne a bayan ɗaki kafin gari ya waye. Babu wanda ya shimfiɗa ta a haske ya duba ko ta fito duka. A cikin wannan duhun, da fitilar hannu guda ɗaya, ban ma ga yadda za a yi a duba ba.

Babanmu ya karɓi yaron ya yi masa kiran salla a kunne, ya tauna dabino ya ɗan shafa masa a dasashi. Daga nan mulki ya koma hannun Gwaggo, yayar Babanmu, wadda ita ce ke yi wa duk 'ya'yan gidanmu wankan jego. Gwaggo ba muguwa ba ce, ina so a san wannan. Ta haifi tara, ta binne huɗu, kuma duk abin da ta yi mini ta yi ne don kada in binne nawa.

Da hantsi ta sa na zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ta kama nonona ta matsa. Ɗigo-ɗigo ya fito, rawaya, mai kauri da danƙo. Ta taɓe baki ta ce, “Dakashi ne. Wannan ba a ba ɗa, zawo yake sa shi. Sai an tatse an zubar, an wanke nonon, farin ya zo.” Aka riƙa tatsewa a ƙyalle ana yarwa safe da yamma. Shi kuma yaron ana ɗura masa ruwan ɗumi da cokali, wani lokaci da ɗan zamzam da maƙwabciyarmu ta kawo.

Ni kuma ga kunyar ɗan fari. Duk wadda ta tashi a irin gidajenmu ta san ta: ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban manya, in yana kuka ma sai ka kau da kai kamar ba naka ba. Ko da Gwaggo ba ta hana ba, ban ga ranar da zan buɗe ƙirji a gaban Inna da 'yan barka in ba shi ba. In dare ya yi kowa ya yi barci, sai in jawo shi a ɓoye in sa masa. Ya kama ya ja ya ja, ya saki ya tsala ihu, Gwaggo ta farka ta karɓe shi.

Rana ta uku farin nono bai zo ba, sai aka ce a gwada. Gwaggo ta tatsi ɗan abin da ya samu a cikin ludayi, ta aiki yara suka kamo tururuwa, ta saka a ciki. In ta fita, nono lafiyayye ne. In ta mutu a ciki, mugu ne. Mata biyar suka sunkuya a kan ludayin nan, ni ina gefe zuciyata na dukan uku-uku. Tururuwar ta yi ta wutsil-wutsil, ta kasa fita. Aka yi salati. Sai bayan shekaru na zauna na yi tunani: abu mai danƙo kamar zuma, wace tururuwa ce za ta faɗa ciki ta fito? Ko a zumar gaske ka jefa ta, a nan za ta maƙale, kuma ba wanda zai ce zuma guba ce.

Daga ranar aka hana ni ba shi gaba ɗaya, aka shiga yi mini magani. Jiƙe-jiƙe, turare, shafe-shafe. Wankan jego kuwa safe da yamma, ruwa na tafasa a garwa, a tsoma ganyen darbejiya a fyaɗa mini har fatata ta saɓule a kafaɗa. Kunun kanwa kwano guda, in na ce na ƙoshi a ce shi ne ke kawo nono. Bari in ɗan ratse a nan: tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Zariya suka yi rubutu a kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a yankinmu, mai sa kumburin ƙafa da haki, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a kan gadon da ake hura wa wuta a ƙasa. Wato a garin da aka gano abin, shekara kusan 40 bayan haka, ni ina zaune ina shan kanwar kwano-kwano. Allah dai Ya tsare ni.

Yaron ne ya fara ba ni tsoro. Kwana biyun farko kuka yake kamar zai tsaga ɗaki. A rana ta huɗu sai ya daina. 'Yan barka suna cewa kai, wannan yaro akwai haƙuri. Ni kuwa ina ganin leɓensa ya bushe, maɗigarsa ta ɗan faɗa, farin idonsa ya soma yin rawaya, kuma tun safe har la'asar ƙyallen da aka ɗaura masa bai jiƙe ba.

Matar Yayana ce ta cece shi. Tana goyon 'yarta 'yar wata huɗu a lokacin, a sashensu da ke cikin gidan. Bayan isha'i ta shigo, ta tsaya ta dube shi, ba ta nemi izinin kowa ba ta ɗauke shi ta zauna a bakin gado ta sa masa nono. Ina jin ƙarar haɗiyarsa daga inda nake kwance, ƙut, ƙut, ƙut. Na juya fuska bango na yi kuka mai isata. Rabi na godiya ne, rabi kuma, in faɗi gaskiya, kishi ne.

Da safe labari ya kai wa Babanmu. Ya kira Yaya da matarsa, ya ce ta kyauta, Allah Ya saka mata. Sannan ya ce a sani, a mazhabar Malikiyya da muke bi ko kaɗan ne ya shiga cikin jariri ya wadatar, don haka daga yau yaron nan ɗanta ne na shayarwa, babu aure tsakaninsa da 'ya'yanta har abada. Ya ɗauko alƙalami ya rubuta a bangon wani littafinsa, da rana da wata. Takardar tana nan har yanzu. A gidan da auren zumunci ya zama ruwan dare, wannan rubutu ba ƙaramin abu ba ne.

Ranar suna aka yi mini lalle da kitso, aka ɗaura mini atamfa, na zauna ana ta shigowa. Jiri nake ji, ga zazzaɓi a ciki-ciki, ga jinin biƙi maimakon ya ragu sai ƙaruwa yake, har da gudaji da wani wari da nake jin kunyar a ji. Na gaya wa Gwaggo a kunne, ta ce dattin ciki ne ke fita, in ƙara shan yaji. Dangin mijina sun zo daga Kaduna mota biyu. Ina ji wata daga cikinsu tana cewa, ba a hankali ba, “Mu dai a danginmu ba a taɓa haihuwa an rasa nono ba.” Maigidana, bawan Allah, ya aiko da gwangwanin madarar jarirai guda biyu ta hannun ƙanwarsa, don shi ma kunya ba ta bar shi ya shigo ya tambaye ni abin da ke damuna ba.

A daren sunan, wajen ƙarfe biyu, na tashi zan zaga sai jini ya ɓalle. Zani biyu suka jiƙe kafin Inna ta gama salati. A nan ne Inna, wadda tun farko ta yi shiru saboda girman yayar mijinta, ta ce, “Yaya, a yi haƙuri, asibiti za mu.” Yayana ya tayar da maƙwabcinmu mai mota.

Abin da na iya tunawa kaɗan ne: fitila a kaina, allura a bayan hannu, sanyin abin hoton ciki a marata. Likita ya ce guntun mabiyiya ne ya maƙale a jikin mahaifa, ya soma ruɓa, shi ya hana mahaifar tsukewa. Da safe aka yi mini wankin ciki, aka ƙara mini jini leda biyu, ɗaya na Yaya, ɗaya na maigidana, aka ɗora ni a kan allurai. Yaron ma aka duba shi, aka ce shawara ce amma ba ta yi nisa ba.

Da yamma wata dattijuwar Sista ta zo duba ni. Ta karanta katina, ta dube ni ta saman tabarau, ban ce mata komai ba ta ce, “'Yata, nono bai kawo ba ko?” Na fashe da kuka. Na ce an gwada an ce mugu ne. Ta ja kujera ta zauna, kuma abin da ta gaya mini a wannan yammacin shi ne dalilin wannan rubutu.

Ta tambaye ni ko na taɓa ganin wani abu rawaya a kan nonona ina da ciki. Na sunkuyar da kai na ce tun wata biyar. Ta ce to wannan shi ne nonon. Jikin mace ba ya jira sai ta haihu. Tun watannin farko nono ke shiri, hanyoyin ruwa suna tsiro suna rassa a ciki, shi ya sa yake nauyi da tsami. Wajen sati 16, wato ciki na wata huɗu, ya riga ya fara haɗa dakashi. Wata takan ga yana ɗiga, wata ba ta ganin komai har ta haihu, kuma duk lafiya ne.

Na ce to me ya hana shi zuba tun lokacin? Ta ce mabiyiya. Akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da ke sakin sinadarin da ke sa a haɗa nono, sunansa furolaktin, kuma yana ƙaruwa a jini tun ana da ciki. Amma mabiyiya tana zuba nata sinadarin, furojestaron, mai riƙe ciki, shi ne kuma ke riƙe wa nono linzami: a haɗa kaɗan, kada a sake. Ranar da mabiyiya ta fita, sai nata sinadarin ya faɗi warwas, linzami ya saki. Daga nan kwana biyu zuwa huɗu nono ke cika ya kawo. Mai haihuwar fari, da wadda aka yi wa aiki, da mai ciwon suga, da wadda ta zubar da jini da yawa, nasu yakan ɗan ƙara jinkiri. Ta dafa hannuna ta ce, “Ke kuwa guntun nan da ya rage yana can yana ta aikinsa. Kin haihu, an yi suna, an ci rago, amma jikinki bai samu labari ba. Shi a wurinsa har jiya kina da ciki.”

Ban san lokacin da na yi dariya da hawaye a fuska ba. Inna da ke zaune a ƙasa ta ce, “Ikon Allah.”

Maganar dakashi kuwa a nan Sistar ta ɗan ɗaga murya, ina jin don Inna ta kai wa Gwaggo. Ta ce cikin jariri a ranar farko bai fi ya ɗauki mililita 5 zuwa 7 a lokaci guda ba, cokalin shayi ɗaya da ɗan ɗori ke nan. Don haka ɗigon da ake rainawa daidai cikinsa aka auna shi. Kaurinsa da launinsa ba lalacewa ba ne, cike yake da garkuwar jikin uwa, yana shafe hanjin yaro ya kare shi daga cuta. Zawon da ake cewa yana sawa kuwa, baƙin kashin nan na farko ne yake korowa, kuma fitarsa da wuri na rage shawara. Ta ce shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, kuma kada a ba shi ko ruwa har wata 6. Na tuna ƙyallayen da aka yi ta gogewa ana yarwa safe da yamma. Ɗan abin da nake da shi ke nan a duniya, shi aka zubar.

Ta sa aka kawo yaron. Ta ce Inna ta ɗan ba mu wuri, don ta lura ba zan iya a gabanta ba. Ta kwance mini gaban riga, ta cire masa kaya, ta kwantar da shi a ƙirjina fata da fata, ta lulluɓe mu da zani. Ta nuna mini yadda zan jira ya wage baki sosai, ya haɗa da baƙin kewayen, kada ya tsotsi kan kawai. Yana fara ja na ji marata ta murɗa kamar naƙuda ta dawo, na ce wayyo. Ta ce madalla, haka ake so. Tsotson ne ke aika saƙo ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadarin, oksitosin, shi ke matso nono waje, shi ne kuma ke tsuke mahaifa ya tsayar da jini. Irinsa ne a cikin allurar da suke yi wa mace da zarar ta haihu. Ta ce in sa shi duk lokacin da ya nema, dare da rana, kada ya gaza sau 8 zuwa 12 a kwana, in ya gama matar Yaya ta cika masa kafin nawa ya iso. Ta ce farkon kawowar nono aikin sinadaran jini ne, amma ɗorewarsa aikin yaro ne: iya abin da aka cire, iya abin da jiki zai mayar.

Kwana biyu muna haka. A daren kwana na goma na farka na ji kamar an ɗora mini duwatsu biyu masu zafi a ƙirji. Na shafa na ji rigata sharkaf, zanin gadon ma ya jiƙe. Na ɗauka jini ne ya dawo, na ƙwalla wa Inna kira. Ta haska fitilar waya. Fari ne tas, yana ɗiga da kansa. Inna da ba ta taɓa yi mini maganar jikina ba tun da na girma, ta manta da kunya, ta manta dare ne, ta rangaɗa guɗa a ɗakin marasa lafiya har ma'aikaciyar dare ta shigo da gudu.

Na sha wahalar cikar nono kwana biyu, ya yi tauri yaron ya kasa kamawa sai na ɗan tatse da hannu ya yi laushi. Bayan nan komai ya daidaita. Wajen sati biyu ruwan ya koma tsinkakke, mai ɗan shuɗi-shuɗi a farkon tsotso, Gwaggo ta ce ya yi ruwa da yawa, na yi kamar ban ji ba. Na shayar da shi har ya kusa cika shekara biyun nan da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata, sai da na samu wani cikin na yaye shi.

A ciki na biyu ban bar awo ko ɗaya ya wuce ni ba, kuma a bencin gaba nake zama. Da ɓawon nan rawaya ya fito a wata na biyar, na bar shi, ruwa kawai nake zuba masa. A asibiti na haihu, mace. Ina kwance ina haki na ce wa ungozomar, “Don Allah Sista, a duba mabiyiyar.” Ta yi dariya ta ce aikinsu ne ai, amma ta kawo ta a faranti ta juya mini ita gaba da baya na gani da idona, babu inda ya gutsure. Kafin a gama goge ni yarinyar tana ƙirjina tana lalube.

Gwaggo ta iso da hantsi, ta tsufa sosai a lokacin, tana dogara sanda, da 'yar jarkar zamzam da cokali a ƙulle a bakin mayafi. Ta same ni zaune ina ba yarinyar, a gaban Inna, a gaban kowa. Ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Dakashin kike ba ta?” Na ce, “Shi ne, Gwaggo.” Ta zauna a bakin gado, ta kwance ƙullin, ta tsiyaya zamzam ɗin a murfin jarka ta miƙo mini, ta ce to ni in sha.